Auna Talauci a Garuruwanmu na Sudan: Tambayoyi da Amsoshi ga Kwamitocin Unguwa

Waɗannan tambayoyi su ne ke yawan fitowa daga bakin 'yan kwamitin masallaci, masu rabon zakka, mata masu dafa abincin takiyya (wurin dafa abincin sadaka na unguwa), da samarin da ake miƙa wa takardar ƙidaya a ce su zaga gidaje, tun daga Maiwurno da Sinnar har Gadarif, Kassala, Damazin da kanabin Jazira (matsugunan masu ƙwadagon gona). Mun amsa su da lissafin da za a iya yi da biro da takarda.

Malam, me zai hana a tambayi maigida nawa yake samu a wata, a huta?

Saboda yawancin gidajenmu ba su san wata ba, sun san shekara. Manomin riɗi a Gadarif yana ganin kuɗi a watan Oktoba, mai dawa a Nuwamba da Disamba, daga nan sai lallaɓawa har damina ta zagayo. In ka tambaye shi a Disamba ka rubuta shi mai hali, in ka tambaye shi a Agusta ka rubuta shi fakiri, alhali mutum ɗaya ne. Ga dawar da ake ci daga rumbu wadda ba ta bi ta kasuwa ba. Ga abin da uwargida ke samu a sayar da shayi ko ƙosai ko gyaɗa, wanda sau tari maigida bai san adadinsa ba. Ga ɗan abin da ɗa ke turowa ta manhajar banki ta Bankak daga Jidda, wata ya zo, wata shiru.

Sai kuma darajar kuɗin kanta. A Fabrairun 2021 gwamnati ta mayar da canjin dala daga fam 55 zuwa kusan 375 a rana ɗaya, kuma hauhawar farashi a wannan shekara ta haura kashi 350 cikin 100. Adadin da aka rubuta a Janairu bai da ma'ana a Yuni. Har ila yau akwai rashin da kuɗin gida ba ya maganinsa: in babu ungozoma a ƙauye, ko makaranta ta zama masaukin 'yan gudun hijira, mai tumaki ɗari da mai akuya ɗaya duk abin ya shafe su.

Kada kuma a manta da halinmu. Dattijon Bahaushe ka tambaye shi samunsa, amsar ita ce "Alhamdu lillahi, asiri a rufe." Gaskiya ya faɗa a wajensa, amma ba ta shiga layin takarda.

To layin talauci na dala da ake ta faɗa fa?

Yana da amfaninsa wajen kwatanta ƙasa da ƙasa. Bankin Duniya ya sa shi dala 1.90 a rana ga mutum ɗaya a 2015, ya ɗaga zuwa 2.15 a 2022, sannan dala 3 a Yunin 2025. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki dala 3 a buga da canjin kasuwar bayan fage. Dalar da ake nufi ta ƙarfin saye ce, wato abin da kuɗi ke iya sayowa a cikin ƙasar, kuma lissafinta daban ne. Ƙidayoyin Sudan na ƙasa su ma abin da gida ke ci da kashewa suka auna: na 2009 ya ba da kashi 46.5 na jama'a cikin talauci, na 2014 zuwa 2015 ya ba da kashi 36.1. Irin wannan aiki yana buƙatar doguwar takarda da farashin kasuwanni, ya fi ƙarfin kwamitin unguwa.

Mene ne ma'aunin talauci mai fuskoki da yawa?

Shi ne wanda rahotanni ke kira MPI. Cibiyar OPHI ta Jami'ar Oksfod da hukumar UNDP ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fara fitar da shi a 2010, bisa hanyar da Sabina Alkire da James Foster suka tsara, aka yi masa gyara a 2018. Tushensa tunanin Amartya Sen ne, cewa a dubi abin da mutum ke iya yi da rayuwarsa. Ana duba abubuwa goma a ƙarƙashin lafiya, ilimi da yanayin zama, kowane ɓangare da kashi ɗaya bisa uku.

Hanya mafi sauƙi ita ce a mayar da komai maki 18. Abubuwa huɗu suna da maki 3 kowanne: a samu mai fama da ƙarancin abinci mai gina jiki a gidan, a ce yaro ɗan ƙasa da shekara 18 ya rasu a cikin shekaru 5 da suka wuce, a rasa ko mutum ɗaya da ya kammala shekara 6 ta makaranta cikin waɗanda shekarunsu suka kai, a samu yaron da ya isa makaranta ba ya zuwa, har shekarun da zai gama aji 8. Sauran shida maki 1 kowanne: makamashin girki, bandaki, ruwan sha, lantarki, ginin gida, da kayan mallaka.

Gidan da ya tara maki 6 ko fiye, duk mutanen cikinsa an ƙirga su cikin talauci. Maki 9 zuwa sama talauci ne mai tsanani. Maki 4 ko 5 suna bakin rami, ciwo ɗaya ko rashin damina ɗaya ya isa ya jefa su.

A yi mana bayanin ƙananan shidan nan dalla-dalla, don a nan ake samun saɓani.

Gaskiya ne, a nan masu ƙidaya biyu ke shiga gida ɗaya su fito da amsa biyu.

Girki: itace, gawayi, kara da kashin shanu duk rashi ne. Ana rubuta abin da aka fi girki da shi. Tukunyar gas da ke jingine a ɗaki wata shida ba a cika ta ba, ba ta fitar da gida daga rashi.

Bandaki: masai mai daɓen siminti ko mai bututun iska ya wadatar, in gidan kaɗai ke amfani da shi. Da zarar wani gida na tarayya a ciki, ko da ginin mai kyau ne, an rubuta rashi. Rami marar daɓe da fita daji duk rashi ne.

Ruwa: sharaɗi biyu ne. Tushen ya zama tsararre, kamar famfo, burtsatse, donki mai injin da tanki, ko rijiya mai murfi da bango. Sannan tafiyar zuwa da dawowa kada ta kai minti 30. Hafir (tafkin da aka haƙa don tara ruwan sama) da ba a tace ruwansa ba, ruwan tur'a (magudanar ban-ruwa) da na kogi kai tsaye, rashi ne ko a ƙofar gida suke. Ruwan karo (amalanken jaki) yana da rikici: hukumomin WHO da UNICEF tun 2017 suna sa ruwan da ake kawowa gida cikin ingantattu, amma mai karo yana iya ɗebowa daga tur'a. Shawararmu a tambayi inda yake ɗebowa, a rubuta kuɗin ganga, a kuma ƙirga jarkoki. Jarka lita 20 ce. Gida mai mutum 8 da ke samun jarka 4 a yini, kowa lita 10 ke nan, ƙasa da lita 15 da ƙa'idar Sphere ta sa wa masu aikin agaji. Kuma a tambayi wadda ke ɗebo ruwan. Maigidan da bai taɓa tsayawa layin donki ba zai ce "nan kusa ne."

Lantarki: ma'aunin duniya yana tambayar akwai ko babu ne kawai. Mu muna ƙara layi na awa nawa aka samu wuta a makon da ya wuce, domin waya a bango ba haske ba ce.

Gini: in ƙasan ɗaki turɓaya ce, ko rufi ko bango na ciyawa, kara, buhu ko leda ne, ɗaya daga ciki ya isa. Wannan yana jefa kusan kowace gutiyya da rakuba (bukka da rumfa) cikin rashi, har da ta mai shanu. Shi ya sa makinsa 1 ne tak.

Kaya: rediyo, talabijin, waya, kwamfuta, karo, keke, babur, firji. Wanda bai mallaki fiye da nau'i ɗaya daga cikinsu ba, kuma ba shi da mota, yana cikin rashi. Waya uku a gida nau'i ɗaya ne.

Yaron da ke khalwa (makarantar allo), ɗan makaranta ne ko a'a?

A ƙidayar duniya ana nufin makarantar da ke bin manhajar gwamnati da azuzuwa. Yaron da ke karatun allo kaɗai yakan faɗa cikin waɗanda ba sa zuwa makaranta. Mun san wannan yana yi wa iyaye ciwo, kuma da dalilinsu, domin garuruwa irin Maiwurno da karatun Alƙur'ani aka kafa su. Abin da ya dace shi ne layi biyu a takarda: ɗaya na khalwa, ɗaya na makarantar gwamnati. A lissafin maki a bi ƙa'idar duniya don a iya kwatantawa, a rahoto kuma a faɗi yara nawa ke khalwa, don kada a ce gari ba ya karatu. Ga manya, a rubuta aji na ƙarshe da aka kammala, kada a rubuta sunan mataki, saboda tsarin Sudan ya sauya daga asas mai shekara 8 zuwa firamare 6 da mutawassiɗa 3.

Yaya ake haɗa lissafin gari gaba ɗaya?

A fara da gida ɗaya na misali. Mutum 7 ne, yarinya 'yar shekara 10 ba ta zuwa makaranta (3), ana girki da gawayi (1), bandaki na tarayya ne (1), ƙasan ɗaki turɓaya ce (1). Jimla 6, sun shiga, su bakwai ɗin duka. Maƙwabcinsu ba shi da lantarki, ba ruwa kusa, gini na kara, girki da itace, bandaki babu, amma yara na makaranta kuma lafiya lau: maki 5, bai shiga ba, yana bakin rami.

Daga nan lambobi biyu ake nema. Ta farko yawan mutane: a ce cikin mutum 1,000 da aka ƙirga, 600 na gidajen da suka kai maki 6, wato kashi 60. Mutane ake ƙirgawa, ba gidaje ba, domin gidajen talakawa sun fi yawan baki. Ta biyu zurfin rashin: matsakaicin makin waɗannan 600 kaɗai, a ce 9 cikin 18, wato kashi 50. A buga 0.60 sau 0.50, a samu 0.300.

Dalilin lamba ta biyu yana da muhimmanci. In yawan mutane kaɗai ake kallo, hanya mafi arha ta nuna ci gaba ita ce a taimaki masu maki 6 su koma 5, a bar masu 13 inda suke. Da zurfin a cikin lissafi, gidan da ya sauko daga 13 zuwa 10 shi ma ya motsa lambar. Bayan haka a warware lissafin a ga wane rashi ya fi yawa. Unguwa biyu na iya samun 0.300 iri ɗaya, ɗaya ruwa ke kashe ta, ɗaya makaranta.

Nawa ne lambar Sudan?

Wadda rahotannin duniya suka daɗe suna ɗauka ta fito ne daga ƙidayar gidaje ta MICS, wadda UNICEF ke tallafa wa, ta 2014: kashi 52.3 na jama'a cikin talauci, zurfinsa kashi 53.4, ma'auni 0.279. Hoto ne na kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, kafin Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disambar wannan shekara, kafin yaƙin ya kai Sinja da kewayenta a 2024. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe kuma ta 2008 ce. Duk wanda ya kawo muku waɗannan lambobi a matsayin halin yau, ku tambaye shi shekarar. Kuma ba a rarraba su da ƙabila ko unguwa ba, don haka kwamitin da ke son sanin halin unguwarsa sai ya auna da kansa.

Ma'aunin nan yana kama yunwar wannan wata?

Ba ya kamawa da sauri. Rufin ɗaki da shekarun makaranta ba sa canzawa a wata uku. Don abinci ana amfani da makin cin abinci na Hukumar Abinci ta Duniya, WFP. Ana tambayar mai girki kwana nawa cikin 7 da suka wuce aka ci kowane rukuni, a buga da nauyinsa: hatsi da rogo 2, wake da ful da adas da gyaɗa 3, ganye 1, 'ya'yan itace 1, nama da kifi da ƙwai 4, madara 4, sukari rabi, mai rabi.

Tambayar a yi ta da kwanakin da mutum ke riƙewa: "Inna, daga Juma'ar da ta wuce zuwa jiya, kwana nawa aka ɗora ful ko adas?" A ce amsoshin sun zo haka: kisra ko asida kwana 7 (14), adas kwana 2 (6), miyar kuɓewa kwana 5 (5), nama kwana 1 (4), madara babu, sukari kwana 7 (3.5), mai kwana 6 (3). Jimla 35.5. A ma'auni na asali, 21 zuwa ƙasa mummuna ne, har 35 tsaka-tsaki, sama da haka ya wadatar, sai gidan nan ya tsira da rabin maki. Amma inda ake shan sukari da mai kullum, kamar ƙasar shayi irin tamu, iyakokin 28 da 42 ake ɗauka, kuma a nan gidan yana tsaka-tsaki. Wannan ya fi kusa da gaskiyar tukunyarsu.

Abin da ke lalata wannan lissafi shi ne ɗanɗano. Garin sharmut (busasshen nama) cokali ɗaya a tukunyar mutum goma ba cin nama ba ne, ɗigon madara a shayi ba shan madara ba ne. In aka ƙirga su, kowannensu na iya ɗora maki 28 kan gidan da bai ga tsoka ba tun Babbar Salla. Kada kuma a yi wannan tambaya cikin azumi, ko makon Salla, ko makon da aka yi suna ko sadakar mamaci a gidan.

Akwai ta biyu, ta dabarun jurewa, ita ma kwana 7: komawa abinci mai arha (sau 1), ranto abinci ko neman taimako (sau 2), rage yawan abin da ake zubawa (sau 1), manya su haƙura yara su ci (sau 3), rage yawan ci a yini (sau 1). Daga 19 zuwa sama alamar matsi ce babba. Ta huɗun ita uwa ta fi ɓoyewa, sai an tambaye ta a keɓe, kuma mace ta tambaya.

Yaya ake awon damtsen yara?

Ga yara 'yan wata 6 zuwa 59 kaɗai. A ɗauki hannun hagu, a lanƙwasa gwiwar hannu, a nemo tsakiyar tsakanin ƙashin kafaɗa da tsinin gwiwar, a sa alama. Sai a saki hannun ya miƙe, a zagaya tef ɗin awon damtse mai launuka a kan alamar, ya taɓa fata ba tare da ya matse ta ba. Ƙasa da santimita 11.5, ja, rama ce mai tsanani, a kai yaron cibiyar lafiya a ranar. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5, rawaya, matsakaiciya. Bayan haka a danna saman ƙafafun biyu da babban yatsa daƙiƙa 3. In rami ya zauna a duka biyun, kumburin yunwa ne, kuma hukuncinsa na ja ne ko da tef ya nuna kore.

Kurakurai uku ne ke maimaituwa: jan tef da ƙarfi, awo a kan riga, da shekarun yaro. Inda babu takardar haihuwa a yi kalandar gari, a tambaya ko an haife shi kafin azumi ko bayansa, lokacin yankan riɗi ko farkon ruwa. A sani kuma ma'aunin duniya da sikeli da allon tsawo yake aiki, yana kama tsumburewa da ƙarancin nauyi. Kwamitin da ya maye su da tef ya faɗi haka a rahotonsa, domin tef ba ya ganin yaron da ya tsumbure.

Wane ne "gida" a inda ake da mata uku da baƙi 'yan gudun hijira?

Tukunya ake bi. Waɗanda ke ci daga tukunya ɗaya kuma suke kwana wuri ɗaya gida ɗaya ne. Mata masu karɓar girki bi da bi daga rumbu ɗaya gida ɗaya ne. In kowace da murhunta da cefanenta, gidaje ne daban ko da katanga ɗaya ta kewaye su. Iyalin da suka gudo daga Khartum ko Madani suka sauka wajen ɗan'uwa, a yi musu tambaya iri ɗaya, sannan a sa alamar mai masauki da baƙo. Masu masauki su ne aka fi mantawa da su a rabo, alhali rumbunsu ne ya ƙare da wuri. A ƙirga ɗakunan kwana ma: fiye da mutum 3 a ɗaki cunkoso ne.

A nan ma'aunin yana da makanta da ya kamata a faɗa. Yana ɗaukar kowa a gida daidai. Tsohuwar da ke ɗakin baya, marayan da ake riƙo, matar da miji ya juya wa baya, duk suna iya zama cikin rashi a gidan da makinsa 3. Almajiran khalwa kuwa ba sa cikin kowane gida, sai an yi musu takarda tasu.

Me ya kamata mu ƙara da bai cikin goman?

Abubuwa huɗu muke ganin sun fi shafar mutanenmu.

Na farko takardu. A rubuta manya nawa ke da raƙam waɗani (lambar ɗan ƙasa), yara nawa ke da shaidar haihuwa. Rashinsu yana tare jarrabawa, asusun banki da tafiya, kuma sananne ne cewa Hausawa da sauran waɗanda ake kira Fallata sun sha wahalar tabbatar da zama 'yan ƙasa, ko da kakanninsu sun zauna bakin Nilu tun bayan yaƙin Burmi na 1903.

Na biyu ƙasa. Fadan (ma'aunin faɗin gona) nawa ake nomawa, kuma a wane matsayi: mallaka mai takarda, haya, noman raba-daidai, ko ƙwadago. Mai noma fadan 10 na aro da mai fadan 10 nasa ba ɗaya suke ba, kuma rikicin jihar Nilul Azrak na 2022, wanda ya raba dubban mutanenmu da gidajensu, ya nuna abin da rashin tabbas a kan ƙasa ke jawowa. A kanabi a tambayi har filin da ɗakin ke kai.

Na uku bashi, musamman shail. Manomi ya karɓi kuɗi ko dawa a Agusta, ya biya da amfanin gona a farashin da aka yanke tun kafin girbi. Buhunan da ka gani a tsakar gida a Disamba wataƙila rabinsu na mai shago ne. A tambayi buhu nawa aka girbe, nawa suka fita biyan bashi, sauran zai kai wane wata.

Na huɗu abin da aka sayar. Gidan da ya sayar da akuya mai ciki, ko jakin karo, ko irin shuka, ko keken ɗinki, ya ci gobensa ne. Don kwatanta dabbobi ana mayar da su awo ɗaya: raƙumi 1, saniya 0.7, jaki 0.5, tunkiya ko akuya 0.1.

Wanda ya ƙara waɗannan ya ajiye su a shafi daban. In aka cusa su cikin maki 18, lambar ba za ta kwatantu da ta kowa ba. Ƙasashe na yin nasu ma'aunin, kamar yadda Najeriya ta yi a 2022 ta sami kashi 63 na jama'arta cikin talauci, amma sai an zauna an yanke nauyin kowane abu kafin a fita, ba bayan an ga sakamako ba.

Gida nawa za mu shiga?

In ana son sanin halin gari, ba sai an shiga ko'ina ba. A gari mai gida 1,200, gida kusan 300 da aka zaɓa ba da son rai ba sun isa a sami amsa da kuskuren da bai wuce maki 5 cikin 100 sama ko ƙasa ba. A jera gidajen duka a lamba, a raba 1,200 da 300 a sami 4, a jefa ƙuri'a tsakanin 1 da 4, daga nan a riƙa tsallake uku ana shiga na huɗu. In ba a tarar da kowa ba a koma har sau uku. Kada a maye da maƙwabci, domin gidan da ke rufe da rana sau da yawa na masu ƙwadago ne da suka tafi gona tun asuba. Jerin sunayen da aka karɓa daga hannun shehun unguwa a bi shi da ƙafa a tabbatar, saboda sababbin zuwa da masu zama a gefen gari su ke faɗuwa daga irin wannan jeri. A rubuta watan da aka yi aikin, a maimaita a wata iri ɗaya baɗi. Yuli da Disamba ba sa kwatantuwa.

Mutane na ƙara wa rashinsu gishiri in sun ji ƙamshin rabo. Yaya za a yi?

Wasu na ƙarawa, wasu na ragewa don kunya, kuma na biyun sun fi ban tausayi don ba mai neman su. Maganin farko a faɗi gaskiya a bakin ƙofa: "Baba, wannan ƙidaya ce, ba rajistar rabo ba ce." In kuwa rabo ne, a ce rabo ne. Na biyu a dogara da abin da ido ke gani, rufi, murhu, bandaki, jarkoki, tef. Na uku kada mai ƙidaya ya yi aiki a layinsu. Na huɗu mai duba aiki ya koma gida 1 cikin 10 ya sake tambayoyi biyar. In amsoshin mai ƙidaya ɗaya duk sun yi kama, ko yana gama gida cikin minti 8, a zauna da shi.

Za mu iya raba zakka da wannan maki?

A yi amfani da shi a matsayin mataimaki. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambaci fakirai da miskinai daban, kuma a mazhabar Malikiyya fakiri shi ne wanda abin hannunsa ba zai kai shi shekara ba, miskini kuwa wanda ba shi da komai. Malamai tun da can wadatar shekara suka duba, kuma tambayar "dawarku za ta kai wane wata" ita ce ta fi kusa da wannan. Maki 18 bai san mai bashi ba, bai san matafiyin da guzuri ya yanke masa ba, kuma dukansu suna cikin ayar. Yana iya ba wa ɗan kasuwa mai gidan jalus (ginin laka) da yara a khalwa maki 6, ya ba malamin makarantar da ya yi watanni ba albashi maki 1.

Hanyar da ta fi aminci ita ce a haɗa uku: makin, lissafin abinci da tef, sannan zaman dattawa maza da mata daban, su jera gidajen unguwa kashi uku ko huɗu bisa saninsu. Inda ukun suka haɗu babu gardama. Inda suka saɓa, mutum biyu su koma gidan. Ƙidayar gida 300 kuma ba ta zaɓen masu karɓa. In rabo za a yi, kowane gida sai an shiga.

Yaushe ake cewa an shiga fari na yunwa a hukumance?

Tsarin IPC, na auna tsananin yunwa, yana da mataki 5. Ana ayyana na biyar ga yanki in abu uku sun haɗu: aƙalla kashi 20 na gidaje sun rasa abinci matuƙa, kashi 30 na ƙananan yara na da rama, kuma mutum 2 cikin 10,000 na mutuwa kullum. Haka aka tabbatar a sansanin Zamzam na Darfur ta Arewa a Agustan 2024. Kwamitin unguwa ba shi ke ayyanawa ba, kuma kada ya jira. Yaro ɗaya da tef ya nuna ja ya isa a tashi.

Ina za a ajiye takardun?

A lokacin yaƙi, jerin da ke nuna wa ke da shanu, wa ke karɓar kuɗi daga waje, wa ya zo daga wane gari, abu ne mai haɗari. Kowane gida a ba shi lamba. Takardar amsoshi ta ɗauki lambar kaɗai, littafin da ya haɗa lamba da suna ya zauna wajen mutum biyu amintattu, a wani wuri daban. Kada a tambayi ƙabila ko ra'ayin siyasa in aikin bai buƙata ba. Masu aiki da manhajar ƙidaya ta KoboToolbox a waya su sa kalmar sirri, su tura bayanan da zarar an sami intanet, su tabbatar ba su zauna a wayar ba. Kada a ɗauki hoton takarda a tura zauren WhatsApp, kada a ɗauki hoton yaron da tef ya nuna ja. In za a karanta sakamako a masallaci ko a gaban masu ba da taimako, a karanta na unguwa dunƙule, kuma rukunin da bai kai gida 10 ba a haɗa shi da na kusa da shi don kada a gane masu shi.